Saita lanƙwasar rimot na ƙananan jiragen sama: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da masu tashi da ƙananan jirage da rimot suka fi yi idan sun zo kan saita yadda jirgi ke bin hannu. Misalan sun fi karkata ga rimot masu manhajar EdgeTX da OpenTX, irin su RadioMaster TX16S da Boxer da FrSky Taranis, tare da nuna inda Spektrum da Futaba suka sha bamban. Sunayen shafuka an bar su yadda suke fitowa a allon rimot, don kada mai nema ya ɓata.

Me ake nufi da lanƙwasa a rimot?

Idan ka tura sandar rimot, rimot yana mayar da motsin zuwa lamba, ya aika wa risiba, wato na'urar karɓar sigina da ke cikin jirgi, ita kuma ta ba sarbo, ƙaramin moton da ke motsa sassan jirgi, umarni ya juya. A tsohon ma'aunin tsawon sigina da har yau ake amfani da shi, tsakiya tana kan maikrosakan 1500, ƙarshen gefe ɗaya kusan 1000, ɗaya gefen kusan 2000. Futaba tana ajiye tsakiyarta a 1520. Idan ba ka taɓa komai ba, rabin sanda rabin juyi ne, kwata kwata ne. A allo za ka ga layi miƙe daga kusurwar ƙasa ta hagu zuwa ta sama ta dama. Lanƙwasa ita ce karya miƙewar wannan layi, ta yadda rabin sanda zai ba da kashi 39 cikin 100 ko 31, ko duk abin da ka zaɓa. Sarbo bai san an yi wani abu ba, lamba kawai yake karɓa.

Mene ne bambancin iyakar sarbo, ret da ekspo? Duk kamar abu ɗaya suke yi.

Aiki uku ne daban, kuma rikita su ne ke jawo yawancin matsala.

Iyakar sarbo, wadda Futaba ke kira End Point, Spektrum ke kira Travel, EdgeTX kuma ta sa a shafin Outputs, katanga ce. Ita ke hana sarbo tura marfi, wato ɓangaren fiffike ko wutsiya mai motsi, har ya danne katako ko ya lanƙwashe sandar turi da ke haɗa sarbo da marfi. Sau ɗaya ake saita ta a kan tebur, ba a komawa kanta don jirgi ya yi zafin hannu.

Ret shi ne nisan da marfi zai kai idan ka kai sanda ƙarshe. Ret na kashi 70 yana nufin marfin da ke iya tashi milimita 20 zai tsaya a 14. Layin yana nan miƙe, kwanciya kawai ya yi.

Ekspo ba ya taɓa ƙarshe. Milimita 20 ɗin nan suna nan idan ka kai sanda bango. Tsakiya yake tausasawa, sannan ya biya bashin a kusa da ƙarshe, inda marfi zai riƙa gudu fiye da hannunka.

Marafen da muke magana a kai uku ne: elaron a gefen fukafukai mai karkata jirgi, elibeta a wutsiya ta kwance mai ɗaga hanci da sauke shi, da roda a wutsiya ta tsaye mai juya hanci hagu da dama.

Idan na sa ekspo 30, me ya canza a zahiri?

A EdgeTX da OpenTX lissafin a bayyane yake. Ana haɗa kashi biyu: wani kaso na motsin sanda yadda yake, da wani kaso na motsin da aka ninka da kansa sau uku. Lambar ekspo ita ce kason na biyun. A ekspo 30, idan sanda tana rabi, kashi 70 na 0.5 ya ba da 0.35, kashi 30 na 0.125 ya ba da kusan 0.04, jimla kashi 39 cikin 100. A kwatan sanda za ka samu kashi 18 maimakon 25. A ekspo 50 rabin sanda kashi 31 ne. A ekspo 100, wanda ba mai hankalin da zai tashi da shi, rabin sanda kashi 12.5 ne kacal.

Abin da mutane ba sa dubawa shi ne ɗaya ƙarshen. A ekspo 30, kusa da tsakiya marfi yana tafiya da kashi 70 na saurin layi miƙaƙƙe, amma kusa da ƙarshe yana tafiya ninki 1.6. A ekspo 60 ƙarshen ya kai ninki 2.2. Taushin tsakiya ba kyauta ba ne.

Sauran kamfanoni suna da nasu lissafin, don haka 30 na Spektrum ba lallai ya yi daidai da 30 na RadioMaster ba. Sun yi kusa, amma idan ka sauya rimot ka kwatanta zanen allo da ma'aunin marfi, kada ka kwafi lamba kawai.

Lambar ta zama mai alamar tarawa ko ta ɗebewa?

Nan ne ake fasa jirage. A Spektrum, JR, EdgeTX da OpenTX, lamba mai alamar tarawa ce ke tausasa tsakiya. A Futaba da Hitec akasin haka ne, sai ka sa -30. Wanda ya karanta shawarar mai Spektrum ya sa +30 a Futaba ya ƙara wa tsakiya zafi ne, jirgin zai riƙa zabura da ɗan taɓi.

Kada ka dogara da hadda. Dubi zanen: layin ya kwanta a tsakiya, ya miƙe tsaye a gefe biyu. Sannan ka tabbatar da ido. Riƙe sanda a rabi, ka ƙara lambar kana kallon marfi. Idan marfin yana komawa wajen tsakiya, ka dace. Idan yana ƙara buɗewa, juya alamar.

Da nawa zan fara?

Ga jirgin koyo mai fiffike a sama, 15 zuwa 25 a elaron da elibeta ya isa, roda 20 ko ma babu. Ga jirgin wasa mai fiffike a ƙasa, 25 zuwa 35. Jirage masu tsananin gudu suna son ƙaramin ret fiye da babban ekspo, domin a wannan gudun milimita 5 ma aiki ne. Jiragen da ake rataye su a farfela ana juyi iri-iri, masu marfi da ke buɗewa digiri 40 zuwa 45, su ne ke buƙatar 50 zuwa 70, don ba a iya miƙe tafiya da irin wannan buɗewa sai an danne tsakiya sosai.

Yadda kake riƙe sanda ma yana da tasiri. Mai turawa da babban yatsa kaɗai ya fi buƙatar ekspo a kan mai tsunkule sanda da yatsu biyu. Doguwar sanda tana rage zafin hannu ko ba a taɓa lamba ba, kuma a yawancin rimot ana iya kwance kan sandar a tsawaita ta.

An ce in gyara haɗin sarbo kafin in taɓa lamba. Me ya sa?

Domin lamba ba ta ƙirƙirar ƙarfi ko daidaito, rage su take yi. A ce takardar jirgi ta nemi elibeta ta tashi milimita 12, kai kuma haɗinka yana ba da 24. Idan ka rage iyaka zuwa kashi 50 a rimot za ka samu 12 ɗin, amma sarbo yana amfani da rabin juyinsa ne kawai. Matakan da rimot ke iya bambancewa sun ragu da rabi, ƙarfin da ke isa marfi ya ragu, kuma duk wani sako-sako da ke cikin haƙoran sarbo ya ninka a bakin marfi.

Gyaran a hannu yake. Kunna rimot da risiba, tirim (ƙananan maɓallan gefen sanda masu ɗan matsar da tsakiya) a tsakiya, ka dasa hannun sarbo ya yi kusurwar digiri 90 da sandar turi. Idan bai zauna daidai ba, juya hannun ta ɗaya gefen ko ka gwada wani, domin haƙoran sandar sarbo yawanci mara ne, 25 a Futaba, 23 a JR, kowane gefe da zamansa. Sub-trim, wato matsar da tsakiyar sarbo daga cikin shafukan rimot, na ƙarshe ne, kuma kaɗan. Sannan don rage buɗewa, matsar da sandar turi zuwa huda ta ciki a hannun sarbo, ko huda ta waje a ƙahon marfi. Ka ci gaba har buɗewa mafi girma da kake so ta zo a iyaka tsakanin kashi 90 da 110.

Auna da rula a wurin da marfi ya fi faɗi, ko da ma'aunin digiri. Ka rubuta a takarda ka manna cikin jirgin. Wata uku nan gaba ba za ka tuna ba.

A EdgeTX ina zan sa ret da ekspo?

A shafin Inputs. Umarni yana bi ne daga Inputs zuwa Mixes zuwa Outputs, kuma kowane shafi da aikinsa: na farko yadda hannu ke ji, na biyu wane sarbo ke bin wace sanda, na uku iyaka da tsakiya da juya alƙibla.

Shiga layin Ail, wato elaron, ka zaɓi Edit. Weight shi ne ret, sa 100. A Curve zaɓi Expo ka sa 40. A Switch zaɓi makunnin da kake so, misali SA a sama. Fita, ka kwafi layin a ƙasansa, ka sa Weight 70, Expo 15, ka bar Switch babu komai. Haka za ka yi wa Ele da Rud, wato elibeta da roda.

Barin layin ƙarshe babu makunni yana da dalili. Rimot yana karantawa daga sama, ya ɗauki layin farko da sharaɗinsa ya cika. Idan kowane layi yana da makunni, sai makunni mai matsayi uku ya faɗa inda ba ka rubuta masa layi ba, to babu layin da ke aiki, sandar ta mutu gaba ɗaya. Layin da ba shi da sharaɗi shi ke tare wannan.

Ana iya sa ekspo a Mixes, amma bai kamata ba. Jirgi mai sarbo biyu a elaron zai buƙaci ka rubuta sau biyu, wata rana ka gyara ɗaya ka manta ɗaya. Sannan a can tirim yana bi ta cikin lanƙwasar, sai wurin taushi ya goce daga tsakiyar sanda.

A Spektrum duk wannan yana shafin D/R and Expo: zaɓi tasha, wato elaron ko elibeta ko roda, zaɓi makunni, juya makunnin zuwa kowane matsayi ka sa lambobinsa.

Me ya sa ekspo na babban ret ya fi na ƙarami yawa a misalin sama?

Don tsakiya ta ji iri ɗaya duk inda makunni yake. Zafin tsakiya shi ne ret a ninka da abin da ya rage bayan an cire ekspo. Ret 100 da ekspo 40 ya ba da 0.6. Ret 70 da ekspo 15 ya ba da 0.595. Kusan ɗaya ne. Mai tashi zai juya makunni a sama bai ji jirgi ya canza hali a ƙananan gyare-gyare ba, sai ya kai sanda nesa ya tarar da ƙarin buɗewa. Idan ka sa ekspo 30 a duka biyun, ƙaramin ret zai ba da 0.49, babban 0.7, hannunka ya riƙa koyon jirgi biyu.

Wani abin lura: kada ƙaramin ret na elibeta ya yi ƙanƙanta har ka kasa ɗaga hanci wajen sauka. A gudu kaɗan iskar da ke bi ta kan marfi ba ta da ƙarfi, kana buƙatar buɗewa mai yawa. Mutane da yawa suna sauka ne a babban ret saboda haka.

Na kai ekspo 50 amma elibeta har yanzu tana zabura. In ƙara?

A'a, sauko da jirgin ka duba nauyi. Jirgin da wutsiya ta rinjaya ba ya zama, hanci yana farautar sama da ƙasa, kuma babu lanƙwasar da ke gyara wannan domin matsalar ba daga hannunka take ba. A fiffike mai faɗi ɗaya, wurin daidaiton nauyi yawanci yana tsakanin kashi 25 zuwa 33 na faɗin daga gaba. Ɗora jirgin a kan yatsu biyu a inda takardarsa ta ce, da batir a ciki, ko tanki babu mai idan mai inji ne. Hanci ya ɗan sunkuya kaɗan. Matsar da batir milimita 10 gaba yakan yi abin da ekspo 20 bai yi ba.

A sama ma ana gwadawa. Hau sama sosai, rage totur, sunkuyar da hanci kusan digiri 45, ka saki sanda. Idan ya ɗago a hankali, daidai ne. Idan ya ɗago da sauri, hanci ya yi nauyi. Idan ya ci gaba da nutsewa yana ƙara sunkuyawa, nauyi ya koma baya da yawa.

Abu na biyu shi ne sako-sako. Kama bakin marfi da rimot a kunne ka ɗan girgiza. Idan yana motsa milimita 2 ko 3 sarbo bai motsa ba, huda ta buɗe ko sandar turi tana lanƙwashewa. Irin wannan marfi ba ya komawa wuri ɗaya, yau ya tsaya sama, gobe ƙasa, kuma babban ekspo yana ƙara ɓoye shi, don ƙananan gyare-gyarenka suna ɓacewa cikin girgiɗin.

Ta yaya zan gane ekspo ya yi yawa?

Jirgi zai yi kamar bai ji ba, ka ƙara turawa, sai ya amsa lokaci ɗaya fiye da yadda ka nema. Ka gyara, ya sake wucewa ta ɗaya gefen. An fi ganin haka wajen sauka: kana jan elibeta a hankali babu abin da ke faruwa, sai hanci ya yi tsalle taku ɗaya kafin ƙasa. Rage 10 ka sake gwadawa. Idan bayan ragewar tsakiya ta yi zafi, ret ne ya yi yawa tun asali.

Injina na mai yana kaiwa kusan ƙarshen ƙarfi a rabin sanda. Yaya zan miƙe shi?

Halin kafireto ne. Buɗewar farko tana ƙara iska da yawa, ta ƙarshe ba ta ƙara komai sosai, musamman a injinan fetur masu kafireto irin na Walbro. Maganin shi ne lanƙwasar totur mai maki biyar da aka danne tsakiyarta.

Fara da haɗin. Sanda a sama, maƙogwaron kafireto ya buɗe duka ba tare da sarbo yana kuka ba. Sanda a ƙasa da tirim a tsakiya, inji ya tsaya a silo. Makunnin kashewa ya rufe shi ruf. Sai ka ɗaure jirgin, wani ya riƙe wutsiya, ka auna juyi da ma'auninsa kana tsaye bayan farfela. A ce silo 2,500 ne a minti, ƙarshe 11,000. Turin farfela yana tafiya ne da juyi a ninka da kansa, don haka rabin turi yana wajen kashi 70 na juyin ƙarshe, kusan 7,800. Riƙe sanda a rabi ka rage makin tsakiya har ma'auni ya nuna kusa da haka. Lambobin sukan fito kamar 0, 15, 33, 60, 100, amma kowane inji da nasa.

A EdgeTX ma'aunin daga -100 zuwa 100 yake, don haka ka ninka kowace lamba biyu ka cire 100: -100, -70, -34, 20, 100. Ana rubuta su a shafin Curves, inda ake iya yin lanƙwasa mai maki 2 zuwa 17, sannan a kira ta a layin totur. Kunna Smooth don kada a ji gaɓa a kan kowane maki.

Jirgin lantarki ma yana buƙata? Zan iya rage ƙarshen totur don kare ESC?

Yawanci layi miƙaƙƙe ya wadatar. Abin da ya fi muhimmanci shi ne koya wa ESC, na'urar da ke sarrafa gudun moto, iyakar rimot: cire farfela, sanda a sama, haɗa batir, jira ƙarar farko, sauke sanda, jira ƙarar tabbatarwa. Ka yi wannan da layi miƙaƙƙe kafin ka sa kowace lanƙwasa. Kuma kada ka ɗaga makin farko daga sifili, domin ESC da bai ga totur a ƙasa ba ba zai tashi ba, sai dai ya yi ta ƙara.

Rage ƙarshe zuwa kashi 70 yana da amfani ga mai koyo da jirgi ya fi ƙarfinsa. Amma ba ya kare kayan wuta idan farfela ta yi wa moto girma. ESC yana rage gudu ne ta hanyar yanka wuta da sauri, kuma a kowane yanki moto yana jan abin da farfela ta ɗora masa. Sau da yawa ESC ya fi ɗumama a kashi 70 zuwa 80 fiye da a buɗe duka. Sa ma'aunin wat tsakanin batir da ESC, idan amfiya ta wuce abin da aka rubuta, sauya farfela.

A helikwafta me ya sa lanƙwasa biyu ke kan sanda ɗaya?

Domin sandar totur tana aiki biyu: tana sauya kusurwar fukafukan sama, tana kuma ƙara wa inji ƙarfi don juyinsu kada ya faɗi idan sun ciji iska. Burin duka shi ne juyi ya tsaya wuri ɗaya, kusurwa ce ke hawa da sauka da jirgin.

Fara da kusurwa a layi miƙaƙƙe, 0, 25, 50, 75, 100. Da ma'aunin kusurwa, moto a cire, ka gyara sandunan haɗi har tsakiyar sanda ta ba da digiri sifili, sama +12, ƙasa -12. Wannan ce lanƙwasar yanayin wasa, wanda ake kira Idle Up ko Stunt. Ga yanayin Normal, na tashi da sauka, ɗaga ƙasan kawai: 40, 45, 50, 75, 100. Maki 40 ya ba da kusan -2.4, wanda ya isa ya sauko da jirgi idan iska na ɗaga shi, ba tare da ya maka shi ƙasa ba. Rabin sama kuwa ka bar shi iri ɗaya a duk yanayi. Helikwafta yana tsayawa a iska a wajen digiri 5 zuwa 6, wato kashi uku cikin huɗu na sanda, kuma a nan ake juya makunni. Idan lambobin sun bambanta a wurin, zai yi tsalle ko ya faɗo.

Totur a Normal, idan babu gwamna, wato tsarin da ke riƙe juyi wuri ɗaya da kansa, yana iya zama 0, 45, 65, 80, 90. A Idle Up siffar V ce: 90, 80, 70, 80, 90, saboda nauyin inji ya fi sauƙi a digiri sifili, ya ƙaru ko ta wane gefe ka bi. Duba yadda maki biyun ƙarshe suka yi daidai da na Normal. Idan ESC yana da gwamna, layi kwance ake ba shi, 70 daga farko har ƙarshe, shi zai riƙe juyin da kansa. V a kan gwamna yana sa shi ya yi ta canza burinsa.

A Idle Up sauke sanda ba ya kashe moto, kusurwa kawai yake juyawa ƙasa da cikakken ƙarfi. Makunnin Throttle Hold ne ke kashewa. Ka saita shi kafin komai, ya kasance a kunne duk lokacin da kake haɗa batir, kuma yatsanka ya san wurinsa ba tare da dubawa ba.

Idan jirgin yana da kwamfutar daidaita tashi fa?

Wuri ɗaya za ka zaɓa. A Betaflight, manhajar irin wannan kwamfuta, rimot ya kasance miƙe, ret 100, babu ekspo, babu tirim, shafin Receiver ya nuna 1000, 1500, 2000. Ana saita ji a cikin manhajar, da digiri a sakan. Tun sigar 4.3 tsarin Actual ne na asali, da tsakiya 70 da ƙarshe 670. Idan ka ƙara ekspo a rimot a kan wannan, lanƙwasa ta hau lanƙwasa, tsakiya ta mutu. Haka na'urorin helikwafta irin su BeastX, VBar da Spirit: a rimot ka zaɓi tsarin da ba ya gauraya sarbo, ka bar tirim, iyakar kusurwa a cikin na'urar ake sa ta, ekspo kuma ko can ko nan. A jirage masu SAFE, tsarin daidaita tashi na Spektrum, a yanayin koyo sanda tana neman kusurwar karkata ne, don haka rage ret yana rage iyakar karkatar, jirgin ya riƙa cin fili mai faɗi kafin ya juyo.

Yaushe ake buƙatar lanƙwasa mai maki da yawa a jirgi mai fiffike?

Wajen gauraye, wato idan ka sa wani marfi ya bi motsin wani da kansa. Idan ka sauke marafen rage gudu, yawancin jirage suna ɗaga hanci, kuma yawancin ɗagawar tana zuwa ne a farkon saukewa. Gauraye miƙaƙƙe zai yi kaɗan a farko, ya yi yawa a ƙarshe. Lanƙwasa kamar 0, 6, 10, 12, 13 na elibeta ƙasa ta fi bin halin jirgin. Misali ne kawai, a sama ake gano lambobin. Idan ka sa marafen su sauka a hankali cikin sakan biyu, gaurayen ma ka ba shi sakan biyu, in ba haka ba elibeta za ta riga su, hanci ya nutse.

Elaron mai bambanci ba ya buƙatar maki: Diff 30 zuwa 50 yana sa mai sauka ya buɗe kaɗan a kan mai tashi, hanci ya daina jan ta wajen kwana, abin da jirage masu dogon fiffike suka fi fama da shi. Sarbo biyu a elibeta da ba sa tafiya tare ana daidaita su da lanƙwasa a Outputs, ko Balance a Spektrum.

Yaya ake gwaji a sama ba tare da an yi ta sauka ba?

Canza abu ɗaya a tashi ɗaya, da mataki 5, kuma ka ajiye tsohon saitin a ɗaya matsayin makunni don ka samu wurin gudu. Kada ka shiga shafukan rimot jirgi yana sama.

A EdgeTX akwai hanya mai sauƙi. Maimakon lamba, sa GV1, wato lamba mai canzawa da rimot ke ajiyewa, a gurbin ekspo. A Special Functions yi layin Adjust GV1 da ke bin maɓallin murɗawa S1, ka taƙaita GV1 tsakanin 10 da 50 a shafin Global Variables. Hau sama, ka murɗa har hannu ya gamsu, ka sauka, ka karanta lambar, ka rubuta ta a matsayin tsayayya, ka goge layin. Wanda ya bar shi, wata rana maɓallin zai murɗe a jaka, jirgin ya tashi da wani hali.

Saitin da ya yi daidai da sanyi ya canza da zafi. Rimot ne?

Iska ce. A ma'aunin zafi 40, irin na Kano ko Sakkwato a watan Afrilu, iska ta fi ta ma'auni 15 sauƙi da kusan kashi 8 cikin 100. A Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, tudun ma yana rage wani kason. Farfela ba ta samun cizo kamar da, helikwafta yana neman ƙarin kusurwa kafin ya tsaya, injin mai yana son a ɗan rage masa mai a allura. Gyara allurar tukuna kafin ka taɓa lanƙwasar totur.

Idan kuwa lambobi suna rawa a allon duba tashoshi alhali hannunka bai motsa ba, ko tsakiya ba ta komawa sifili, ƙura ce ta shiga sandunan, abin da aka fi gani lokacin hunturu a rimot masu tsohon ma'auni na goge-goge. Sanduna masu maganaɗisu, irin na Hall, ba su cika yin wannan ba. Hure ƙurar, ka sake yin Calibration kana kai sanda ƙarshe a hankali ba tare da dannawa ba, sannan ka duba cewa kowace tasha tana kai -100 da 100, tana kuma tsayawa a 0 idan ka saki.